Tumatirin damina: wace magana ce gaskiya?

Daga Disamba zuwa Maris tumatir ba ya da tsada a Madarunfa. Masu garka na Jiratawa da na bakin Gulbin Maraɗi suna fiddo shi kwando-kwando, har wani ya ruɓe bai samu mai saye ba. Da bazara ta kama, damina ta biyo baya, sai ya yi wuyar gani. A lokacin ne ake ganin wani santalele mai tauri a kan teburin mai kayan miya, a ce maka na ɗakin leda ne, surutu kuma ya tashi.

A fara da abin da ba a cika faɗa ba: yawancinsa bai taɓa shiga ɗakin leda ba. Gina rumfar leda ko ta raga, da tiyon ɗigon ruwa da famfo, jari ne mai nauyi, masu shi ba su da yawa. Abin da ke zuwa kasuwa galibi na fili ne, ko dai wanda aka yi dakonsa daga nesa, ko wanda aka noma da irin da ke jure damina, kamar Mongal, ko Icrixina da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta zaɓo. Sunan leda ƙarin kuɗi kawai yake jawowa.

Masu cewa irin da aka sauya wa halitta ne, wai yana hana haihuwa, sun yi kuskure. Aure ake haɗawa tsakanin iri biyu na tumatir, aikin da manoma suka daɗe da sani. Wani tumatir da aka taɓa wa ƙwayar halitta, Flavr Savr, ya shiga kasuwar Amurka a 1994, bai kai shekara huɗu ba aka daina sayar da shi. Zancen cewa allura ake yi masa don ya daɗe ma haka yake. Tumatirin da aka huda ba ya kwana biyu bai lalace ba. Daɗewarsa daga kaurin fata ne, da tsinkarsa da ake yi tun bai gama nuna ba.

Batun rashin ɗanɗano kuwa, mata suna da gaskiya. Yanka shi ki gani: bayansa ja-ja, cikinsa fari-fari, ruwa kaɗan, ƙanshi babu. Dalili biyu ne. Wanda aka tsinka ɗanye zai yi launi a hanya, amma zaƙin da bai samu a jikin uwarsa ba ba zai same shi a cikin mota ba. Sannan sinadarin laikofin, mai ba shi ja, ba ya haɗuwa sosai idan zafi ya wuce awo 30. A Afirilu da Mayu yankin Maraɗi yana haura 40, har fure ya kaɗe bai ɗaura ɗa ba. Shi ya sa rumfa a nan inuwa ake nema da ita, da kariya daga ruwa da ƙwari, ba ɗumi ba kamar a Turai. Leda zalla babu iska, ai tanda ce.

Su ma masu tallarsa suna da tasu ƙaryar, wai ba a yi masa feshi. Raga tana rage farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, gaskiya ne. Amma tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, wadda ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016, idan ta samu kafa ta shiga rumfa sai ta fi sakewa. Daga ina ya fito ba shi ne abin tambaya ba, sai dai yaushe aka yi masa feshin ƙarshe. A wanke shi da kyau ko na wane ne.

To, a saya? In salak za a yi, ko kwaɗon zogale da ake son ɗanyen tumatir a kai, a sayi biyu ko uku, a zaɓi mai nauyi a hannu, mai ƙanshi ta wajen hanci. In miya ce, ni ban ga dalili ba. Kauɗar da aka shanya lokacin araha daga nunanne aka yi ta, ta fi shi kauri da launi a tukunya, kuma laikofin ya fi shiga jiki idan an dafa shi da mai. Sai dai a duba ta: wadda aka baza a ƙasa tana zuwa da rairayi, wadda ta sha laima ta yi fumfuna kuwa a zubar. A jiƙa mai kyau da ruwan ɗumi, a tsame ta sama-sama yadda tsakuwa za ta zauna a gindin kwano, sannan a kai niƙa.