Sammu Ne Ke Fasa Bindigar Toka? Gaskiya da Ƙarya a Zancen Mafarauta

A ƙasar Zuru, daga Fakai har Danko-Wasagu da Sakaba, bindigar toka ta wuce kayan farauta kawai. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, ita ce 'yan sa-kai da yawa ke rataye da ita, kuma ba wanda ya manta watan Maris na 2022, lokacin da aka kashe fiye da 60 daga cikinsu a kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Sai dai akwai wata ɓarnar da ba ta shiga labarai: bindigar da ke tarwatsewa a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido. Maganganun da ake yi a kanta suna buƙatar tacewa.

Wadda ta fi yawo ita ce, wai in bindiga ta fashe, hannu aka sa wa mai ita, ko ya karya sharaɗin layarsa. Ƙarya ce, kuma tana kisa, domin tana hana a duba ƙarfen. Tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana jan danshi. A bar ta kwana da kwanaki ba a wanke ba, musamman da damina, sai tsatsa ta riƙa cin ƙarfen ta ciki, waje kuwa yana ta sheƙi da mai. Ga taɓo da kan toshe baki idan mutum ya dogara bindiga a ƙasa. Ga ɗuri biyu, inda mutum ya manta ya riga ya ɗura, ya sake ɗura wani a kai. Ga dalmar da ba a danna ta zauna kan albarushi ba, ta bar sarari a tsakani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kumbura bututu ko ya tsaga shi. Shi ya sa mafarauci mai hankali ke yi wa sandar ɗurinsa alama: da ya zura ta, ya san ko bindigar wofi ce ko da ɗuri.

Ana kuma cewa in ka fasa harsashin zamani ka juye garinsa a bindigar toka, za ta ƙara nisa. Wannan ita ce mafi muni. Garin harsashin zamani da baƙin albarushi ba jinsi ɗaya ba ne. Ƙarfin da na zamani ke tarawa a rufaffen wuri ya fi abin da aka ƙera bututun ya ɗauka nesa ba kusa ba. Ko kwafin tsofaffin libarba irin Colt ta 1851, da kamfanonin Uberti da Pietta ke ƙerawa a Italiya da ƙarfe mai kyau, an buga musu gargaɗi a jiki cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa. To, ina ga bututun da asalinsa na famfo ne?

"Ƙirar Turai ba ta fashewa." Rabin gaskiya ne. Bambancin ba na sihiri ba ne, na gwaji ne. A Ingila, tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a Birmingham, inda ake ɗura wa sabon bututu fiye da ƙima, a harba shi a killataccen wuri, a duba, sannan a buga masa hatimi. Duk da haka masu libarbar toka a can ba sa sakankancewa. Sukan auna bakin kowane rami na kan da ke juyawa, su tabbata ya daidaita da bututu, kuma dalma ta shige shi dam. In ta yi sako-sako, wuta na iya tsallakawa ramukan gefe su tashi tare. Maƙeranmu gwanaye ne, ba na raina su, amma maƙera ba ta da wannan gwajin, sau da yawa harbin farko na mai saye shi ne gwajin.

Akwai abin da dattawan farauta ke faɗa wanda gaskiya ne tsantsa: bindigar da ta ƙi tashi ba ta mutu ba. Albarushi mai danshi kan ci wuta a hankali, ya tashi bayan an fid da rai. Kada a leƙa bakinta, kada a hura; a juya ta inda ba kowa, a jira. Haka nan zuba albarushi kai-tsaye daga gora bayan harbi ganganci ne, don garwashi kan saura a ciki.

Batun cewa hukuma ba ruwanta da bindigar toka ma kuskure ne. Dokar makamai ta 1959 ta ambace ta a rukuninta na musamman, kuma ƙera ta sai da izini.

Shugabannin mafarauta da na 'yan sa-kai a masarautar Zuru, ku sa a riƙa duba kowace bindiga kafin a fita daji. Wadda bututunta ya kumbura, ya tsage, ko aka yi masa walda, a ajiye ta, ko da ta gado ce.