Daga Yamai zuwa bakin teku: tambayoyin da ake yi kafin a biya kuɗin otel

Da zarar an rufe makarantu a Yamai, zancen Kwatano da Lome kan shigo fada. Wani zai ciro salula ya nuna hoton bishiyoyin kwakwa da farin yashi, matan adashe su ce a bana kwasar ƙarshe ta tafiya ce, abokan aiki su buɗe zaure a WhatsApp. Nijar ba ta da teku ko taki ɗaya, don haka ɗokin ba abin mamaki ba ne. Sai dai hoton da ya tayar da ɗokin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ayari ya dogara da shi.

A fara da hanya. Daga Yamai zuwa Kwatano ya ɗan haura kilomita 1,000, ta Dosso, Gaya, gadar Malanville, Kandi da Parakou. Shekara da shekaru motocin Rimbo da takwarorinsu na bin wannan titi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba, fasinjoji suka koma tsallake kogi da kwalekwale. Samari goma za su ɗauki wannan a matsayin abin ba da labari. Ayarin da ke da tsohuwa da jarirai kuwa wani lissafi ne. Hanyar Lome ta ƙasa tana ratsa Burkina Faso, inda rashin tsaro ya sa mai hali ke gwammace jirgin ASKY. Jagoran tafiya ya je tasha da ƙafarsa ya ji halin da iyaka take ciki a makon, kafin ya tura wa kowane otel ko dala. Sauƙin da ake da shi ɗaya ne: Sefar da ke aljihu a Yamai ita ake kashewa a Benin, Togo, Kwaddibuwa da Senegal, ba ruwan kowa da 'yan canji. Katin rigakafin shawara kuma kada ya kwana a gida.

Sai babbar magana, wato ruwan kansa. Yaron da ya tashi a Gamkalle ko Saga yana ninkaya a kogin Isa gani yake ya san ruwa. Kogi gaba yake tafiya, mutum ya san inda zai kai shi. Tekun gaɓar Benin da Togo ba haka yake ba: gaɓar tana da gangara, igiyar tana fashewa da ƙarfi dab da yashi, sannan akwai wuraren da ruwan da ya hau tudu ke komawa ciki ta wani siririn lungu da gudun da ya fi ƙarfin gwanin ninkaya. Abin takaici, wannan lungu shi ya fi kama da wurin da ruwa ya lafa, shi ya sa baƙo ke nufarsa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ya yi ninkaya a gicciye, gefe da gaɓa, har ruwan ya sake shi. Ko a Fidjrossè, bakin tekun da ya fi cika ranar Lahadi a Kwatano, akasarin 'yan gari a kan yashi suke zama, su jiƙa ƙafa kawai. Sun san abin da suka sani.

Saboda haka tambayar farko ga otel ba ta kuɗin ɗaki ba ce. Akwai pisin, da wurin yara marar zurfi? Akwai mai gadin ruwa da ke tsaye da rana? A ina 'yan gari ke wanka? Wurare masu ruwa kwance a bayan teku sun fi dacewa da iyali. A Grand-Popo, kusa da iyakar Togo, ana shiga kwalekwale a kogin Mono har Bouche du Roy, inda kogin ke haɗuwa da teku. A Agbodrafo akwai Tafkin Togo. Assinie ta Kwaddibuwa tana tsakanin teku da tafki, sai dai tsadarta ta attajiran Abijan ce. Saly ta Senegal, kimanin kilomita 80 kudu da Dakar, ruwanta ya fi natsuwa, amma sai da kuɗin jirgi.

Lokaci ma yana yaudara. Babbar daminar kudancin Benin da Togo tana kamawa daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙaramar kuma ta dawo wajen Oktoba. Agusta, tsakiyar hutun ɗalibai, ruwan sama kan ɗauke, gari ya yi sanyi mai daɗi ga wanda ya sha zafin Yamai, amma a lokacin teku kan yi fushi. Disamba da Janairu sun fi haske, sun kuma fi cunkoso. Wanda zai sauka kusa da Ouidah, garin Ƙofar Ba Dawowa da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka kwashe, ya sani cewa bikin Vodun na watan Janairu yana cika ɗakunan yankin.

Akwai abin da takardar talla ba ta faɗa. Otel da yawa a gaɓar nan da mashaya suke rayuwa, kiɗa har asuba a ƙarshen mako. Ayarin da ke da alhazai ya tambayi nisan ɗakuna daga mashayar, da wurin da mutum ashirin za su yi jam'i, da ko za a bar su su hura gawayin shayi. Naman da ake shakkar yankansa ba matsala ba ce a inda masunta ke jawo koma kowace safiya; ga kuma Zongon Kwatano da Agoè-Zongo a Lome, inda ake ciniki da Hausa da Zabarmanci kamar a kasuwar Katako. Ga babban ayari, hayar gida guda mai madafa sau da yawa ta fi ɗakunan otel araha, mata su yi girkin da yara suka saba.

Kuɗi ne ke raba zumunci a irin wannan tafiya. A naɗa ma'aji ɗaya, a rubuta abin da kowa ya zuba, a ware na asibiti da na komowa a ajiye daban. A nemi otel ya rubuto farashi, da abin da ya ƙunsa, da abin da zai mayar idan iyaka ta hana isowa. Idan akwai ɗan'uwa direban tirela ko ɗan tiransit a tashar jiragen ruwa, a roƙe shi ya leƙa wurin ya ɗauko bidiyo da kansa, har da banɗaki, har da janareto. Otel ɗin da ya ƙi barin a shiga a duba kafin biya, a tsallake shi a nemi na gaba.