Olsa a Gezawa: Me ya sa omeprazole ba ya raba wasu da ciwon ciki?

Daga Gezawa zuwa Jogana, da wuya ka shiga kemis ka rasa omeprazole. Da mutum ya ce ƙirjinsa na zafi ko cikinsa na murɗawa, sai a ce olsa ce, a miƙa masa. Ya samu sauƙi, bayan kwana biyu ciwon ya dawo.

Aikin maganin shi ne rage tsamin da ciki ke fitarwa, gyambo ya samu damar warkewa. Ba ya kawar da abin da ya jawo gyambon.

Manyan musabbaban biyu ne. Na farko ƙwayar cutar H. pylori, wadda likitocin Ostireliya Barry Marshall da Robin Warren suka gano tana haddasa olsa, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Kashe ta na buƙatar haɗa omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi na kwana 14.

Na biyu magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin. Manomin da ya wuni yana noma, ya sha "haɗi" da dare, ya bi da omeprazole da safe, yana gini ne yana rushewa.

Don haka aikin ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi shi ne tambaya kafin rubuta magani: yaushe ciwon ya fara, kuma me kake sha? A ƙa'ida ana shan omeprazole minti 30 kafin karin kumallo, na mako 4 zuwa 8, sannan a sake duba mara lafiya. Mai shirin gwajin H. pylori a bayan gida ya dakatar da shi mako 2 kafin nan, don yana ɓoye ƙwayar.

Shan sa shekara da shekaru na iya rage sinadarin magnesium da bitamin B12, ya ƙara haɗarin karayar ƙashi. Wasu kam dole su ci gaba, amma likita ne zai yanke.

Babban haɗarin shi ne ya lulluɓe wata cuta, har da kansar ciki. Mai aman jini, baƙin bayan gida, rama ba dalili, ko wahalar haɗiye abinci, kada ya tsaya a kemis. Ya nufi Babban Asibitin Gezawa, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a leƙa cikinsa da na'ura.