Ƙwayar Gyambon Ciki da Aljihun Ɗan Kasuwa

BAUCHI: A Kasuwar Muda Lawal, inda 'yan gwari da masu sayar da doya kan wuni ba su ci abinci a kan lokaci ba, akasarin jama'a suna ɗora alhakin gyambon ciki a kan yunwa da yaji. Saboda haka ɗan kasuwa yakan shekara da shekaru yana sayen maganin kwantar da zafin ciki a kemis, ciwo yana lafawa yana dawowa, jari kuma yana zurarewa.

Amma binciken likitoci ya tabbatar cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce take haddasa mafi yawan gyambon. Likitoci biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ta a 1982. Takan shiga jiki tun ana yara, ta hanyar yawu ko gurɓataccen ruwa da abinci. Wani binciken jini da likitocin Maiduguri suka wallafa a 1992 ya sami alamarta a jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada.

A 1997 cibiyar bincike ta TIGR da ke Amurka ta kammala karanta dukkan bayanan gadon wannan ƙwaya, watau haruffa kimanin miliyan 1.7 masu ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 1,600. Irin wannan karatu yana taimaka wa masana su gane sauye-sauyen da suke sa ƙwayar ta bijire wa magunguna kamar clarithromycin, domin kada majiyyaci ya kashe kuɗi a kan abin da ba zai yi aiki ba.

Ta fuskar tattali, bambancin a fili yake. Maganin rage zafi kaɗai ba ya kashe ƙwayar. Abin da yake kawar da ita shi ne haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi iri biyu, da na rage tsamin ciki, na kwana 10 zuwa 14, bayan gwajin bayan gida ko na numfashi a asibiti. Wanda ya katse shan maganin da zarar ya ji sauƙi yana ba ƙwayar damar ƙara taurin kai.

Bugu da ƙari, tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar cikin abubuwan da suke jawo sankarar ciki, cutar da jinyarta takan cinye jarin gida baki ɗaya.