YADDA A KE KOYA WA KWAMFUTA GANE GANSAKUKAR TEKU

Hakimai da malamai duka sun san gansakukar nan da kan rufe kududdufi bayan damina. To, a cikin teku ma akwai 'yan'uwanta, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu ɗai-ɗai sai da madubi mai ƙara girma. Masana suna kiransu fitofilankiton. Su ne abincin ƙananan halittun ruwa, waɗanda kifi kuma ke ci. Har wa yau, kimanin rabin iskar oksijin da tsirrai ke bayarwa a duniya daga gare su ta ke fitowa.

Amma fa ba iri ɗaya ba ne. Waɗansu suna da ɓawo kamar gilashi, ana ce musu dayatom, su ne suka fi ciyad da kifi. Waɗansu kuwa dafi gare su. A shekarar 2018 wani iri mai dafi ya yi yawa a gaɓar Fulorida ta ƙasar Amurka, ruwa ya rine, kifi da kunkuru suka yi ta mutuwa, har Gwamnan jihar ya kafa dokar ta-ɓaci. Saboda haka sanin yawansu kaɗai bai isa ba, sai an san irinsu.

A da, sai a shiga jirgi a ɗebo ruwa cikin kwalba, a kai ɗakin bincike a ƙidaya. Aikin yana da kyau, sai dai teku ta fi ƙarfin kwalba. Tun 1978 taurarin ɗan'adam suka soma auna launin ruwa daga sama, gama kowane iri yana da launinsa. Can tsakiyar teku abin da sauƙi. Kusa da gaɓa kuwa, koguna kamar Kwara sukan zubo da laka da ruɓaɓɓen ganye, launi ya gauraye, awo ya rikice.

Ga dabarar da aka samo. A kan tattara sakamakon kwalabe masu yawa, a haɗa kowane da launin da tauraro ya gani a wurin ran nan, da kuma ɗumin ruwan. Sa'an nan a ba kwamfuta, ta yi ta gwadawa tana gyara kuskurenta, har ta gane wane launi ne ke tafiya da wane iri. Misalinta kamar tsohon malamin gona ne, wanda saboda yawan zagaya ya kan hango gona daga kan doki ya ce wannan gero ne, waccan dawa. Ran 8 ga Fabrairu, 2024, Amurka ta harba tauraro mai suna PACE, mai rarrabe launi fiye da ɗari, watau an ƙara wa kwamfuta kaifin ido ke nan.

Sai dai a lura. Kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka koya mata. Wadda ta yi karatu da ruwan Turai ta kan yi kuskure a gaɓar Afirka, kamar yadda baƙon malami kan ruɗe a gundumar da bai taɓa zagayawa ba. Don haka lalle ne a ci gaba da ɗiban ruwa da hannu ana rubuta sakamako daidai. In rajista ta ɓaci, duk lissafin da aka ɗora a kanta ya ɓaci, gargaɗi kuma ba zai kai ga masunta a kan kari ba.