Dashen Gashi: Ƙeya Ce Rumbun Mai Sanƙo

Masu sanƙon tsakar ka da yawa na harin zuwa Turkiyya dashen gashi. To, kafin a sayi tikiti, a fara duba ƙeya.

Likita ba ya ƙirƙirar sabon gashi. Daga ƙeya da gefen kai, saman kunnuwa, yake ciro saiwoyi ya dasa inda ya zube. Gashin wuraren nan ba ya jin sinadarin DHT mai kawo sanƙon maza, kuma ko an sauya masa wuri yana riƙe halinsa, kamar yadda Dakta Norman Orentreich na Amurka ya bayyana a 1959.

Amma rumbun yana da iyaka, abin da aka cire ba ya sake tsirowa a gurbinsa. Tsakar ka kuwa tana cin saiwoyi da yawa, sanƙonta kuma yakan ci gaba da faɗi. Saurayin da ya yi gaggawa, sai a wayi gari dashen ya zama tsibiri. Shi ya sa likitoci kan fara ba da minoxidil ko finasteride, su jira zubar ta lafa.

Wanda ƙeyarsa ta yi sharara, ko mai ƙurajen aski da tabo mai kumbura, abin da ya yawaita ga baƙar fata, ya fara ganin likitan fata. Sauri dai ya haifi nawa.