Tsakanin ƙaro da gam ɗin feshi: wace takarda ake liƙawa da me?

Duk wanda ya yi karatun allo a Kazaure ko Roni ya san ƙaro tun kafin ya ji sunan wani gam na kanti. Da shi ake haɗa tawada: a niƙa gawayi ko a kankaro baƙin tukunya, a jiƙa ƙaro a zuba. Shi ke riƙe baƙin a jikin allo idan ya bushe, shi kuma ke sakinsa idan aka zo wanki. Wannan hali na kamawa da saki shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace a auna kowane gam da shi, musamman yanzu da gam ɗin feshi, wanda ke zuwa cikin gwangwani, yake shiga hannun masu aikin takarda: malaman firamare masu haɗa kayan koyarwa, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu masu shirya allunan baje kolin aikinsu, da masu katin gayyata da kwalliyar wurin biki.

Akwai dalilin da ya sa ake sonsa. Takarda tarin zaruruwan itace ce da aka danne wuri ɗaya. Idan ta sha ruwa zaruruwan su kumbura, ta miƙe ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, idan ta bushe kuma ba ta komawa yadda take. Daga nan tamoji da kumburi suke fitowa. Kokon rogo, farin gam na kafintoci, har ƙaron kansa, duk da ruwa suke aiki. Shi kuwa na feshi babu ruwa a mafi yawansa. Danƙon roba ne aka narkar cikin sinadarai masu saurin tashi, irin su asiton da heksen, aka matse su da iskar gas. Ana fesawa sinadaran su bi iska, danƙon ya zauna siriri a kan takarda. Shi ya sa malamin da ke son manna taswirar Jigawa a kan babban kwali zai samu ta kwanta sumul, abin da buroshi da koko ba sa bayarwa sai a hannun gwani.

Amma gwangwanayen ba ɗaya ba ne, kuma nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Akwai wanda ke barin a ɗaga takarda a gyara mata zama kafin ya kama, kamar Spray Mount na kamfanin 3M. Shi ya dace da mai jera haruffa da hotuna yana gwadawa. Akwai mai kamun dindindin, kamar Super 77, wanda da zarar ya kama takarda, magana ta ƙare. Wanda ya ɗauki na biyu ya yi aikin na farko sai ya yaga takardarsa. Haka nan farin soson nan mara nauyi da ake tallafe talabijin da shi cikin kwali, wanda masu kwalliya ke yanka haruffa da shi: wasu nau'o'in feshin na cinye shi nan take. A fara gwadawa a kan guntu.

Bayanin da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne da yanayin wasu ƙasashe a rai. Namu daban ne. Da hunturu, daga Gwiwa har Babura iska a bushe take, ɗauke da ƙura. Gam na saurin bushewa, kuma duk ƙurar da ta sauka a kan danshinsa ta zauna ke nan, ta rage masa kamu. Don haka a shirya komai kafin a taɓa gwangwani. A girgiza shi sosai, a riƙe shi da tazarar santimita 20 zuwa 30, a fara feshin daga wajen takarda a ratsa ta a fita ɗaya gefen, kada hannu ya tsaya wuri ɗaya. Kaɗan ake so. Idan ya yi yawa yana ratsa siririyar takarda ya fito tabo-tabo. A jira ya yi danƙo, yadda zai kama bayan yatsa ba tare da ya biyo shi ba, sannan a ɗora daga gefe ɗaya, a shimfiɗa tsabtatacciyar takarda a kai a murza daga tsakiya zuwa baki. Babban kwali da aka kwantar ta gefe yana tare feshin da ya kauce, yana kuma kare aiki daga ƙura. Idan an gama a kifa gwangwanin a fesa na ɗan lokaci har gas zalla ya fito, don kada bakin ya toshe.

Da bazara kuwa matsalar ta wuce ta aiki. Gwangwanayen feshi na ɗauke da gargaɗin kada zafi ya wuce digiri 50. A watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa kan haura 40, cikin motar da aka rufe a rana na wuce wannan iyaka cikin sauƙi, haka ma kanta da ke dab da rufin kwano. Tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta kawo ƙarshen amfani da iskar da ke lalata rufin sararin samaniya, yawancin gwangwanaye da irin gas ɗin girki ake cika su. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, inda kaskon wuta da risho da maganin sauro na kunnawa suke. A yi feshi a tsakar gida, iska na bayan mutum. Takunkumin yadi ba ya tare tururinsa, kuma tururin nan ɗan'uwan na sholisho ne, wanda kowa ya san ɓarnar da ya yi wa samarinmu. Ba na ganin hikimar miƙa wa ɗan firamare gwangwani. Malami ya fesa a waje, yara su manna. Gwangwanin da ya ƙare kada a huda shi, kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta.

Inda na fi damuwa shi ne tsofaffin takardu. A gidajen malamai na wannan yanki akwai Alƙur'anai da littattafan rubutun hannu cikin gafaka, falle-falle ba ɗinki, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa da Barno. Da yawa daga irin waɗannan littattafai an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake suka riƙa ratso Sahara da ita. Akwai kuma takardun gona, na gado, da hotunan iyaye. Mutum ya ga falle ya fara yagewa, cikin kyakkyawar niyya ya fesa masa gam ya manna a kwali, ko ya bi shi da salatif. Danƙon roba yana tsufa. Da tafiyar shekaru ya yi rawaya, ya ratsa takarda, daga baya ya bushe ya saki, tabonsa kuwa ya zauna. Ruwa ba ya cire shi, sai sinadaran da ke iya taɓa rubutun. Masu gyaran tsofaffin littattafai a manyan ɗakunan adana na duniya da kokon alkama da siririyar takardar Japan suke aiki, saboda dalili ɗaya: na baya zai iya warware abin da na gaba ya yi. Shi ma kokon da taka-tsantsan ake sa shi, domin tawadar da aka haɗa da ƙaro tana bin ruwa.

Ba na cewa namu na gargajiya ba su da aibi. Koko na jawo kyankyaso da gara, da damina yana fumfuna. Ƙaro idan ya yi kauri yana tsagewa. Sai dai ga ƙananan ayyuka, ambulan, furen takarda, haruffan da yara ke yankawa a aji, sun wadatar, ba sa cutar da huhu, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Turawa sun daɗe suna shafa ƙaro a bayan kan sarki da bakin ambulan, har yau da shi ake haɗa fentin ruwa na masu zane. Ƙaron itacen dakwara, wanda ake tsaga wa bawo bayan ɗaukewar damina a tsinci hawayensa bayan 'yan makonni, shi ne lamba ɗaya a kasuwa. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye, kuma Jigawa na cikin jihohin da ke samar da shi tare da Yobe da Borno. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa kamfanonin lemo da alewa na duniya neman wasu hanyoyin samunsa. Abin takaici ne a ce yaro a ƙasar dakwara bai taɓa ganin an jiƙa ƙaro an liƙa takarda da shi a aji ba.

Ga mai karatu da ke da gafakar kakansa a ɗaki: idan falle ya yage, ka sa shi tsakanin tsabtatattun takardu biyu ka mayar da shi wurinsa, ka nisanta shi da danshi da gara, sannan ka nemi shawarar masu adana rubutun hannu, irin na Gidan Arewa da ke Kaduna, kafin ka shafa masa komai.